Amsa ga ƙanena na Makka da ke son haɗa ƙaramin jirgin ƙasa a gida

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni, ka yi haƙuri. Ka ce tun ranar da ka kai yaronka ɗan shekara 9 ziyara Madina a jirgin Haramain ya hana ka sakat, kai ma kuma abin ya shiga ranka bayan ka kalli bidiyon masu gina gari guda a kan tebur jirgi na zagayawa, toh wane iri za ka saya, akwai na Haramain ɗin, kuma ɗaki ɗaya a gidan haya zai isa? Sannan can ƙasa ka ƙara da cewa kana jin nauyi kada a ce babba da kai kana wasan yara.

Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ke hana mutanenmu da yawa. Ni a Mai Wurno aka haife ni, nan kusa da Sinnar a Sudan, sana'ata gyaran wuta, yau na haura shekara 20 a Jidda. Ranar da na fara ganin jirgi ido da ido mahaifina ne Allah ya jiƙansa ya riƙe hannuna ya kai ni tashar Sinnar za mu raka baƙo, har yau ina jin warin gas ɗin da zafin ƙarfen, mata masu shayi sun jera, mutane sun cika taragai har wasu sun haye sama, amma abin da ya ɗauke min hankali wani dattijo ne ma'aikaci riƙe da guduma mai doguwar ƙota, yana bin jirgin taya bayan taya yana ƙwanƙwasawa sai ya karkata kunne. Na ce Baba me yake yi, ya ce sauraro yake, tayar da ta tsage muryarta daban ce. Da muka koma gida na tara gwangwanayen kifi na huda su na ɗaure da waya, na yanka tsohon silifas na yi tayoyi, na ja layi biyu a ƙasa da kara. Wancan shi ne wasan yara, kuma ina alfahari da shi. Wanda kake tambaya a kai kuwa ya haɗa aikin kafinta da na lantarki da fenti da lissafi da tarihi a kan tebur ɗaya, in ka duba kwalayen kayan ma yawancinsu an rubuta daga shekara 14 zuwa sama. Kamfanin Märklin na Jamus tun 1891 ya fito da tsarin layuka masu ma'auni tsayayye, kuma a Hamburg akwai Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, manya ne ke bin layi su biya kuɗi su shiga kallo. Uban da ya zauna da ɗansa bayan isha'i suna haɗa waya suna auna katako maimakon kowa ya duƙufa kan wayarsa, wallahi babu abin jin nauyi a nan.

Toh sai maganar me za a saya. Kafin ka fitar da riyal ɗaya ka fahimci abu biyu, ma'auni da faɗin layi. Ma'auni shi ne sau nawa aka rage jirgin gaske, faɗin layi kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon biyu. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne HO, an rage jirgi sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5. Sai N, sau 160, faɗin layi milimita 9. Akwai Z ƙarami ƙwarai sau 220, akwai G babba na tsakar gida mai layin milimita 45, waɗannan biyun ka bar su tukuna. Tarko biyu ne nake so ka kiyaye. Na farko kayan Ingila irin Hornby ana ce musu OO, layinsu ɗaya da HO milimita 16.5 amma jikin jirgin sau 76 aka rage shi, zai hau layin ya yi tafiya lafiya lau amma in ka jera shi da na HO sai ka ga ya fi su ƙiba. Na biyu ya fi wannan ciwo, Märklin na HO wutarsa daban ce, yana ɗaukar ta daga wasu ƴan ƙusoshi da ke tsakiyar layi, ba ya haɗuwa da na kamfanoni irin Piko ko Roco ko Bachmann masu ɗaukar wuta daga ƙarafa biyu. Kaya ne mai kyau, babu wanda ya ce ba haka ba, amma in ka shiga gidansa a ciki za ka zauna.

Yanzu ɗauko awo mu yi lissafin ɗakinka. Kilomita 1 na layin gaske a HO mita 11 da rabi ne, a N mita 6 da kwata. Makka zuwa Madina a layin Haramain kilomita 450, in za ka gina shi duka a HO sai ka nemi fili fiye da kilomita 5, ka ga kenan ba wanda ke gina layi duka, gutsure ake ɗauka, tasha ɗaya ko gada ɗaya ko kwana ɗaya. Abin da ke cin wuri shi ne kwana. Da'irar HO ta fara wasa tana son falankin katako cikakke, irin mai santimita 122 da 244 da ake samu wajen kowane kafinta, kuma sai ka iya zagayawa ta gefensa don hannu ba ya kaiwa can ƙurya. Na N kuwa saitin farko na kamfanin Kato na Japan tsawonsa bai kai mita 1 da rabi ba, faɗinsa wajen santimita 70, tsohon ƙyauren ɗaki ya ishe shi har da ragowa, ka gama ka tura ƙarƙashin gado. Don haka ra'ayina ga mai gidan haya N ne, kuma layin Kato da suke kira Unitrack, don da tsakuwarsa a jiki yake zuwa, ana haɗawa a kwance ba ya lalacewa, ko a kan tayil za ka shimfiɗa shi. Illarsa guda ce, ƙanana ne, ɗora tayoyi kan layi zai ba yaro ɗan shekara 9 wahala a makon farko, amma akwai wata ƴar roba mai gangare da ake ɗorawa kan layi a zuro tarago ta kai, ka saya masa ita. In akwai ƙannensa masu rarrafe a gidan kuwa tebur ya zama mai tsayi, ƙananan kayan nan suna shiga baki. A kan kafet kada ka kuskura, gashinsa na naɗewa a haƙoran injin.

Na Haramain da yaron ke so. Jirgin ƙirar Talgo 350 ne na ƙasar Sifen, an buɗe layin a 2018, yana gudun kilomita 300 a awa, can Sifen ɗan'uwansa na aiki suna masa laƙabi da agwagwa saboda dogon bakinsa. Kamfanin Electrotren ya taɓa yin na Sifen ɗin a HO, wanda ya same shi sai ya sake masa fenti ya koma kamar namu. Amma ban ba ka shawarar farawa da shi ba. Jirgin gaske ya haura mita 200, a HO ya kusa cinye tsawon falankin nan gaba ɗaya, kansa na shiga kwana wutsiyarsa ba ta fito daga ta baya ba, kuma jirgin gudu a ƙaramar da'ira minti 10 ya ishe ka kallo, ba abin da za ka yi da shi sai zagaye. Abin da ke riƙe mutum shekara da shekaru shi ne jirgin kaya a hankali, ka ajiye tarago a wannan reshen ka ɗauko wancan, ka canza masa layi, ka koma da baya ka haɗa. In kana son na ƙasar nan kuma ba ka son wahala, kawunan jirgin da ke jan kaya a nan ƙirar kamfanin EMD ce na Amurka, layin Dammam zuwa Riyad da aka buɗe a 1951 yana ɗaukar kwantena hawa biyu, na arewa kuma na kwaso ma'adinin fosfet daga Hazmul Jalamid zuwa Ra'asul Khair, faɗin layinsu milimita 1435 irin na yawancin duniya, wato daidai da abin da HO da N ke kwaikwayo. Kato da Athearn suna yin ƴan'uwan waɗannan kawunan, taragan kwantena kuwa kamar jamfa a Jos, fenti kawai za ka canza nan gaba in hannunka ya faɗa.

Amma bari in gaya maka inda zuciyata take, don kai ma a bakin ƙofarsa kake. Lokacin da kuka je Madina ban sani ba ko kun biya ta Anbariyya, inda tsohuwar tashar jirgin Hijaz take, yanzu gidan tarihi ce. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Abdulhamid na 2 ne ya sa aka fara layin a 1900 daga Dimashƙa, da gudummawar Musulmi daga ƙasashe da dama, ya iso Madina a 1908, wajen kilomita 1300, tafiyar da ayarin raƙuma ke yi kusan kwana 40 ta koma ƴan kwanaki. Bai taɓa ƙarasawa Makka ba, yaƙin duniya na farko ya ragargaza shi, ɓangaren kudu bai sake tashi ba. Har yau tashoshinsa na dutse na nan tsaye a sahara, ta Tabuk, ta Mada'in Saleh mai rumfar gyaran injuna, da ƙanana masu tankin ruwa a gefe, kawunan jirgin kuma masu hayaƙi ne yawanci ƙirar Jamus irin Hartmann da Krauss da Jung. Faɗin layinsa milimita 1050, raba shi da 87 ka gani, 12 da ɗan ɗigo, kuma akwai layin milimita 12 a kasuwa, shi ake kira HOm, kamfanin Peco na yinsa kamfanin Bemo na yin jiragensa. Ranar da na fara buga wannan lissafin a bayan takardar rasit sai da tsigar jikina ta tashi. Kuma layin Sudan milimita 1067 ne, irin tsohon layin Najeriya da ya isa Kano a 1911, shi ma in ka raba 12 ne da kwata, wato layi ɗaya zai ɗauke min Hijaz da Sudan da Kano. Ka tuna ta nan kakanninmu suka bi, wanda ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa ya ratso Chadi da Darfur, in ya iso El Obeid ya tarar da dogo, ya hau ta Kosti da Sinnar, wani ya tsaya noman auduga a Jazira shekara biyu uku yana tara guzuri, sannan ya nufi bakin Bahar Maliya ya tsallako Jidda. Da yawansu ba su koma ba, mu ne jikokinsu.

Ba za ka shiga shago ka tarar da jirgin Hijaz ko na Sudan a kwali ba, sai dai ka sayi mai kama ka yanke ka ƙara ka fente, shi ya sa ban ce ka fara da shi ba. Amma ginin tashar ba ya jiran komai. Nawa teburin shiryayye ne a jikin bango, tsawon mita 2 da rabi faɗin santimita 45, babu da'ira ko ɗaya, tasha ce irin ta hamadar da ke tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad, layin da sojan Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, suka shimfiɗa a 1897, inda tashoshin ba su da suna sai lamba don babu gari kusa. Layi uku, tankin ruwa, ɗakunan ma'aikata, bishiya ɗaya. Bangon ɗakunan da kwalin maganin sauro na yi su, na shafa filasta na zauna da allura ina zana bulo ɗaya bayan ɗaya dare uku, tankin kuma murfin turare ne. Duk ɗan Sudan da ya shigo ɗakin sai ya yi shiru tukuna kafin ya yi magana, balle yanzu da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba mutane da garuruwansu, akwai wani dattijo da ya yi aiki a Atbara, garin da ake wa kirari da birnin ƙarfe da wuta don nan ne hedikwatar jirgin Sudan, ya daɗe yana kallo sannan ya nuna min da yatsa ya ce alamar tsayawar nan ba a nan gefen take ba, kuma gaskiyarsa ne, na cire na mayar inda ya ce.

Sai abin da littattafan Turawa ba za su gaya maka ba don ba ƙasarsu ba ce, wuta da ƙura da zafi.

Wuta tukuna tunda sana'ata ce. Jirgin kansa wuta kaɗan yake ci, wajen bolt 12, ba ta jan mutum ko yaro ya dafa layin, haɗarin yana wajen tiransifomar da ke shiga soket. Kayan Japan wutar gidansu 100 ce, na Amurka 120, mu nan 220 ko 230, kuma tsofaffin gidajen Makka da Jidda wasu na da soket iri biyu a ɗaki ɗaya ba alamar da ta bambanta su. Na taɓa sayen saiti na hannu ɗan Amurka a kasuwar gwanjo, ɗokin gwadawa ya sa ban juya tiransifomar na karanta bayanta ba, na soka, ta yi wani gunji na daƙiƙa biyu sai hayaƙi da warin ƙonannen roba, shikenan ta tafi. Ka karanta abin da aka rubuta a jiki, in ka ga 100 zuwa 240 toh lafiya, in ba haka ba nemi wadda ta dace kafin ka kunna.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Wutar nan ta layin take bi ta shiga taya ta kai ga inji, wurin da taya ke taɓa ƙarfe kuwa bai fi bakin allura ba, ƙura ƴar kaɗan ta zauna sai jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga, sai ka ɗauka ya lalace alhali datti ne. Goma cikin goma na waɗanda suka kawo min gyara sai na fara goge layi da tayoyi kafin in kwance komai. Farin ƙyalle mara gashi da ɗan sifirit irin na kemis ya isa. Kada ka sa samfefa, tana karce ƙarfen dattin ya sami wurin zama, kada ka fesa man feshin nan WD-40, mai kuma ɗigo ɗaya a bakin tsinke a kan haƙoran inji, irin wanda aka rubuta ba ya cin roba, in ya yi yawa shi ke kama ƙurar ya zama kwaɓa. Ka samo zanin gado mara nauyi ka riƙa rufe teburin duk sanda kuka tashi. Kuma wajen saye ka tabbata layin na farin ƙarfen nikel ne, mai arhan nan na baƙin ƙarfe laimar Jidda wata biyu take ba shi ya yi tsatsa, ku a Makka da sauƙi amma duk da haka.

Zafi kuma ƙarfe yake miƙarwa. Layi mai tsawon mita 1 in zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 30 yana ƙara wajen rabin milimita, ka ga kamar ba komai, amma ka tafi hutu ka kashe na'urar sanyaya ɗaki a watan Agusta ka dawo ka tarar layin da ka manne gam-gam ya yi doro ya karkace. In ka kai matakin manne layi ka bar ƴar tazara a mahaɗa daidai kaurin katin waya. Kada ka bar jirgi a mota ko a bakin taga, robar jikinsa na lanƙwashewa kuma ba ta dawowa. Hawa kuma in za ka yi gada, santimita 2 a kowace mita, in ya matsa 3, fiye da haka kan jirgi zai riƙa murza taya a wuri ɗaya.

Abu ɗaya da muka fi kowa sa'a a kai shi ne shimfiɗar ƙasa, su can suna sayen ciyawar roba da bishiyoyi ɗari, mu sahara za mu yi ga ta nan a bayan gari. Amma yashin waje kada ka zuba shi haka nan. Ka tankaɗe da rariya mai laushi, ka shanya ya bushe sarai, sannan ka naɗe maganaɗisu a leda ka bi ta cikinsa, za ka sha mamakin baƙin garin ƙarfen da zai manne, wannan garin in ya rage injin jirgi ne zai zuƙe shi don shi ma maganaɗisu ne a cikinsa. Daga nan ka baza shi da buroshi, ka fesa ruwa kaɗan, ka haɗa farin gam na kafinta da ruwa rabi da rabi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka riƙa ɗigawa da sirinji, kwana ɗaya ya daskare kamar dutse amma a ido yashi ne. Ka nisanta gam daga wurin da layi ke rabuwa. Baƙaƙen duwatsun harra na wajen Madina kuwa gawayin da aka farfasa ko soso mai tauri da aka fente ya wadatar.

Za ka ji ana maganar DCC, tsarin da ake sa ƴar na'ura a cikin kowane kan jirgi ka riƙa tuƙa biyu uku a layi ɗaya kowa da gudunsa, har da ƙarar inji da hon. Yana da daɗi sosai, amma kan jirgi ɗaya mai sauti zai iya cin kuɗin saitin farko gaba ɗaya. Ka fara da na yau da kullum, sai dai ka duba kwalin an rubuta za a iya ƙara masa na'urar nan gaba. Ƴan mutum-mutumin da ake jerawa a tasha kuma ni ban sa su ba, wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa, tasha na yin kyau da buhuna da ganguna da benci ba tare da su ba. Kuma in sha'awar ta kai ku ga zuwa kallon jirgin gaske, ku tsaya inda aka yarda fasinja ya tsaya, kada ku kusanci shingen layi, jirgin da ke gudun 300 ba ka jin zuwansa sai ya iso, hoto a tasha kuma ka tambayi ma'aikaci tukuna, mu baƙi ne a ƙasar mutane.

Ka auna wurin da uwargida ta yarda ta bar muku, tsawo da faɗi da inda ƙofa ke buɗewa da inda soket yake, ka turo min in zana maka layin da zai shiga. In kun sake zuwa Madina kuma ka kai yaron Anbariyya da littafi da fensir, ya ƙirga tagogin ginin da bakunan ƙofofinsa, ya taka tsawon tarago ɗaya da ƙafarsa ya rubuta taku nawa ne, kwali da gam kuma ku fara tarawa tun yanzu.